Farin tabo ya fito mini a fuska da yatsu, surukata ta ce kuturta ce

Tambaya:

Assalamu alaikum likita. Ni mace ce mai shekara 29, 'ya'yana biyu. Bayan haihuwata ta biyu da kamar wata shida wani farin tabo ya fito mini a gefen ido, sai kuma a kusurwar baki. Yanzu ga shi a kan yatsuna da kuma ƙugu, daidai inda nake ɗaura zani. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, amma ƙaruwa yake yi. Surukata ta ce kuturta ce, har ta ware mini kwano. Wata maƙwabciyata kuma ta ce kifi na haɗa da madara. Na sayi wani mai na tiyub a kemis na shafa wata uku, ban ga canji ba. Ban da wannan, kullum a gajiye nake, ina jin sanyi ko ana zafi, gashina yana zubewa, na yi ƙiba, jinin al'adata ma ya ƙaru. Mahaifiyata tana da maƙoƙo. Maigida yana so mu ƙara haihuwa. Zan warke? 'Ya'yana za su ɗauka?

Amsa:

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya zuri'a.

Cutar fata sai an gani da ido ake yanke mata hukunci, amma duk abin da kika zayyana ya fi kama da lalurar da likitoci ke kira bitiligo: fari tas kamar madara, babu ƙaiƙayi, babu ɓawo, ya zaɓi gefen ido da baki da kan yatsu da wurin da tufa ke gogawa. Ba a ɗaukar ta daga wani, ba a kuma sa wa wani, ko ta kwano, ko ta shimfiɗa, ko ta shayarwa. Kifi da madara ba su da hannu a ciki. Kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita, sai dai a baƙar fata ta fi fitowa fili.

Abin da ya fi jan hankalinmu a wasiƙarki ba tabon ba ne. Gajiyar nan ce, da jin sanyi, da zubewar gashi, da ƙaruwar jinin al'ada, da maƙoƙon mahaifiyarki. Ki fara da gwajin jini kafin ki sake kashe ko sisi a kan mai.

A can ƙasan fatar kowa akwai ƙwayoyin halitta masu samar da sinadarin melanin, wanda shi ke ba fata da gashi launi. A bitiligo, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu yaƙar cuta ne, su ne ke juyowa su kashe waɗannan ƙwayoyi masu launi. Wato garkuwar jiki ce ta yi kuskuren gane abokin gaba. Kamar karen gida ne da ya fara cizon mutanen gida: idan ya ciji ɗaya, mai hankali zai duba ko ya taɓa wani. Binciken da aka wallafa a 2003 kan dubban masu bitiligo a Arewacin Amurka da Birtaniya ya nuna kusan 1 cikin 5 na manyan cikinsu suna da ciwon tayiroid, wato wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya, wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Ita ce ke saita saurin aikin jiki. Idan garkuwar jiki ta raunana ta, komai sai ya yi sanyi: kasala, jin sanyi, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, bushewar fata, taurin bayan gida, kumburin fuska da safe, yawan jinin al'ada, mantuwa. Idan kuma ta ingiza ta, sai akasin haka: rama duk da ci, bugun zuciya, rawar hannu, gumi, rashin barci, wani lokaci idanu su firfito. Alamominki na rukunin farko ne. Kuma shekarar farko bayan haihuwa lokaci ne da tayiroid kan kumbura a wasu mata, saboda garkuwar jiki da ta lafa lokacin ciki tana dawowa da ƙarfinta. Mata da yawa kan ɗauka wahalar raino ce kawai, su yi shekaru a haka.

Gwajin jinin da za ki nema don duba aikin tayiroid sunansa TSH. A yawancin dakunan gwaji, daidai shi ne tsakanin 0.4 da 4.0 ko kusa da haka. Idan ya haura, tayiroid ta yi rauni, sai a ƙara da gwajin T4, wato sinadarin da tayiroid ke samarwa. Akwai na uku, anti-TPO, wanda ke nuna ko garkuwar jiki ce ke kai mata hari. Idan kuɗi bai kai duka ba, TSH ne na farko. Abu ɗaya da ke ɓata sakamako: ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu ɗauke da bayotin, waɗanda mata masu zubewar gashi kan saya. Ki daina sha kwana 3 kafin a ɗebi jinin.

A wannan ɗibar jinin a haɗa da ƙidayar jini gaba ɗaya da gwajin suga. Ƙidayar jini saboda yawan al'ada yana ƙarar da sinadarin ƙarfe, sannan akwai wani nau'in ƙarancin jini da ke tafiya da bitiligo, inda garkuwar jiki ke lalata abin da ke taimaka wa hanji tsotsar bitamin B12. Alamarsa, ban da gajiya, ita ce harshe ya yi santsi yana zafi, tafin ƙafa da yatsu su riƙa yin kamar ana tsira allura ko su mutu. Irin wannan allurar B12 ake yi masa, maganin ƙarin jini na kemis ba ya magance shi, folik asid shi kaɗai ma yana iya gyara jinin a takarda ya bar jijiyoyi suna lalacewa. Suga kuma saboda nau'in ciwon suga na farko, mai buƙatar insulin, shi ma garkuwar jiki ce ke jawo shi: ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari har da dare, rama cikin 'yan makonni.

Akwai wata da ba a cika gani ba amma tana kisa idan aka yi sake, ita ce cutar Addison, inda wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda suke daina samar da sinadarin kotisol. Mai ita sauran fatarsa ƙara duhu take yi, musamman layukan tafin hannu da dasashi, ga jiri idan ya miƙe, ga kwaɗayin gishiri, ga rama da tashin zuciya. Idan kina da ko biyu daga cikin waɗannan ki faɗa wa likita tun kafin a ba ki maganin tayiroid, domin fara shi a jikin mai Addison da ba a gano ba yana iya jefa shi cikin hatsari. Haka nan idan gashi yana zubewa a zagaye kamar kwabo, wurin ya yi sumul, ko ido ya yi ja yana ciwo yana ƙin haske, ko ji ya ragu, duk a ambata.

Idan gwaji ya tabbatar tayiroid ta yi rauni, maganinta ƙwaya ce ƙarama, lebotayiroksin, sau ɗaya a rana. Inda ake samun matsala shi ne yadda ake shan ta. Da ruwa zalla ake sha, ciki ba komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Shayi da madara ko koko a tare da ita suna rage abin da jiki zai tsotsa. Maganin ƙarin jini mai ƙarfe, da na kalsiyam, da na gyambon ciki masu kashe tsami, a ba su tazarar awa 4. Ana sake gwajin TSH bayan mako 6 zuwa 8 a daidaita adadin, kafin nan sakamakon ba ya nuna gaskiya. Jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne. Wasu matan da tasu ta biyo bayan haihuwa ce tana dawowa daidai cikin shekara guda, wasu kuma shan ya zama na dindindin, gwaji ne kaɗai ke bambancewa.

Maganar ƙarin haihuwa: ki roƙi maigida a ɗan dakata har a ga sakamakon nan, a kuma daidaita shi idan da matsala. Tayiroid mai rauni tana kawo jinkirin ɗaukar ciki da ɓari da haihuwar bakwaini, kuma a watannin farko ƙwaƙwalwar ɗan tayi da sinadarin tayiroid na uwa ta dogara. Maganin ba ya cutar da ciki ko shayarwa. Mace mai shan sa da ta ga ta yi ɓatan wata, buƙatarta kan ƙaru da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100, don haka a makon nan za ta koma asibiti, ba sai ranar awo ba. Amma ki sani, gyara tayiroid zai dawo miki da kuzari, ba shi zai rufe tabon ba. Shi nasa maganin daban ne.

Kafin mu zo kansa, bari mu sallami maganar kuturta, tun da ita ta shiga tsakaninki da surukarki. Tabon kuturta ba ya yin fari tas. Kodewa yake yi, ko ya yi ja-ja kamar tagulla, kuma alamarsa babba ita ce wurin ya mutu. Ma'aikacin lafiya zai ce ki rufe ido, ya murza auduga ta yi tsini, ya riƙa taɓa fata mai lafiya da kuma tabon, ya ce ki nuna da yatsa inda kika ji. Mai bitiligo yana jin kowace taɓawa. Mai kuturta yakan rasa ta cikin tabon, wurin ba ya gumi, gashinsa ya zube, wani lokaci a ji jijiyar bayan gwiwar hannu ta yi kauri kamar igiya. Gwajin ba ya cin minti biyar, kuma a yawancin ƙananan hukumomi akwai jami'in tarin fuka da kuturta da zai yi shi. Da za ki samu maigida ya kai ku tare da Hajiya a yi a gabanta, ya fi ki tsaya kina musu da ita a tsakar gida, domin abin da ta gani da idonta ya fi abin da matar ɗanta ta faɗa mata tasiri. Ko da ma kuturtar ce, tana warkewa da maganin wata 6 ko 12 da ake bayarwa kyauta, kuma da an fara sha mutum ya daina yaɗa ta.

Likita zai kuma duba ko ƙyasfi ne, wanda ya fi son ƙirji da baya da wuya, idan aka kankare shi da farce sai ya tashi da gari-gari. Wanda ya tashi a ƙauyukan bakin kogi masu ƙudan da ke kawo makanta, farin ɗigo-ɗigo a ƙwauri yana da nasa dalilin daban. Za a kuma tambaye ki man da kike shafawa. Man bilicin masu haidirokwinon da 'yan'uwansa, da baƙin lalle, da rinin gashi baƙi, suna iya kashe ƙwayoyin launi su bar fari irin wannan sak, ko su tayar da bitiligo a jikin mai saurin kamuwa. Idan kina amfani da ɗayansu, daga yau a ajiye. Jan lalle na ganye, wanda ba a zuba masa komai ba, ba shi da laifi, wasu ma da shi suke rufe farin yatsu.

Tabon ƙugunki yana da abin da yake faɗa. Bitiligo tana bin wurin da aka ji wa fata rauni ko ake yawan goga ta: ɗaurin zani, igiyar rigar nono, takalmi mai matsi, ƙuna, tsaga, dirza da soso mai kaushi. Fitowarta a irin waɗannan wurare, da ƙaruwar da kika ce tana yi, alama ce cewa cutar tana kan ganiyarta. Wannan ne lokacin da magani ya fi amfani, kuma shi ne lokacin da ya fi hatsari a bari a yi miki tsaga, ko a goga tafarnuwa, ko a shafa wani haɗin itace a ce ki zauna a rana. Wasu tsirrai suna da sinadarin da ke sa fata ta ƙone a rana har ta ɗuri ruwa, kuma inda ƙunar ta warke nan sabon fari ke fitowa. Ki sassauta ɗaurin zani, ki riƙa sauya inda yake zama.

Man tiyub ɗin da kika saya, mai yiwuwa sitiroyid ne mai ƙarfi irin kilobetasol. Ki tafi da kwalinsa asibiti. Irinsa yana cikin magungunan bitiligo na gaskiya, amma a jiki da hannu, ba a fatar ido ba. A fuska yana sirantar da fata, ya kawo ƙuraje, a kusa da ido kuma yana iya ƙara matsin cikin ido har gani ya taɓu. A jiki ma ba a sakin sa haka: sau ɗaya a rana, siriri, a kan tabon kawai, kuma likitoci da yawa kan tsara mako 2 ana shafawa mako 2 ana hutawa, har wata 6. Ma'auninsa mai sauƙi ne. Abin da aka matso daga ƙarshen yatsa manuniya zuwa gaɓar farko kusan rabin giram ne, kuma ya isa faɗin tafin hannu biyu. Wanda ya wuce haka nankarwa da siririyar fata zai saya, ba launi ba.

Na fuska shi ne takrolimus mai ƙarfin 0.1 cikin 100, safe da dare. Ba ya sirantar da fata, shi ya sa ake sa shi har a fatar ido. Kwanakin farko yakan yi ɗan zafi ko raɗaɗi, sai ya daina, kuma a nan ne mutane da yawa ke jefar da shi. Idan launi ya dawo, ci gaba da shafa shi sau 2 a mako yana rage komowar farin. Idan cutar tana gudu sosai, likitan fata kan ba da ƙwayar sitiroyid kaɗan ta kwana 2 a jere cikin kowane mako, na wata 3 zuwa 6, don a tsayar da ita. Wannan ba abin saye a kemis ba ne, ballantana ga mai shayarwa ko mai neman ciki ko wadda ba a auna suganta ba. Akwai kuma hasken na'ura na musamman, sau 2 ko 3 a mako har wata 6 zuwa 12, wanda ya fi dacewa idan tabon ya yi yawa, sai dai ba kowane asibiti ke da na'urar ba. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani sabon mai, ruksolitinib, ga masu shekara 12 zuwa sama. Yana da tsada ƙwarai, ba a kuma ba mai ciki ko mai shayarwa. Likitocin fata ana samun su a manyan asibitocin koyarwa, irin na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma takardar turawa daga asibitin da kike zuwa tana sauƙaƙa ganinsu.

Kin tambaya ko za ki warke. Babu maganin da ke tumɓuke cutar gaba ɗaya, duk wanda ya ce miki yana da shi kuɗinki yake so. Amma ana tsayar da ita, launi kuma yana dawowa, gwargwadon wurin. Sababbin ƙwayoyin launi daga tushen gashi suke fitowa, don haka alamar farko ta nasara ita ce ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a cikin farin, kowanne a gindin gashi, su yi ta faɗi har su haɗe. Mutane kan tsorata su ɗauka wata cuta ce ta ƙaru, alhali sauƙin ne. Saboda haka fuska da wuya sun fi ko'ina amsa magani, akwai kyakkyawan zato gefen idonki zai amsa. Kan yatsu da leɓe da tafin ƙafa, inda babu gashi, su ne masu taurin kai, gara ki sani tun yanzu. Inda gashin cikin tabon shi ma ya yi fari, ajiyar ƙwayoyin launi ta ƙare, sai dai dashen fata bayan cutar ta tsaya cik na aƙalla shekara guda. Ba a yanke hukunci kan magani kafin wata 3 zuwa 6. Ki ɗauki hoton kowane tabo da waya a ranar da kika fara, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ki sake duk wata, domin ido mai kallon madubi kullum ba ya ganin canji.

Farin wurin ba shi da kariya daga rana, yana ƙonewa cikin sauƙi. Man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a fuska da bayan hannu, a sake shafawa bayan alwala idan za a fita. Hoda mai launin fatarki ba ta hana magani aiki, a shafa maganin, a jira ya shiga, sannan a sa ta. Idan kuma damuwar abin ta fara hana ki barci ko shiga mutane, wannan ma ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗi ciwon kai. Ba ke kaɗai ba ce, Ranar Bitiligo ta Duniya ma, 25 ga Yuni, a Legas aka fara ta a 2011.

'Ya'yanki ba za su ɗauka ta hanyar zama da ke ba. Abin da ake gado shi ne saurin kamuwa, ba cutar kanta ba, kuma ko shi ba mai ƙarfi ba ne. A wancan binciken na 2003, kusan 6 cikin 100 ne na 'yan'uwan da suke ciki ɗaya da masu bitiligo suka samu ita, tagwaye masu kama ɗaya ma 23 cikin 100 ne kawai dukansu biyu suka yi. Babu wani gwaji ko magani da za a yi wa yaro mai lafiya. Abin lura kawai shi ne farin tabo, ko kumburin wuya, ko tsayawar girma, ko yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi tare da yawan shan ruwa da rama. Wannan na ƙarshen a ranar ake auna sugansa. Mahaifiyarki ita ma ta cancanci gwajin TSH idan ba a taɓa yi mata ba. Ke kuma ko naki ya fito daidai a wannan karon, a sake shi bayan shekara, da kuma duk lokacin da kika samu ciki.